Ranar da Talauci Ya Mutu a Kurmin Dogo

Hakimin Kurmin Dogo, mai ciki kamar rumbu, ya kira Cindo mai faci.

"Gobe baƙi za su kawo buhunan tallafi. Ka shaida musu mulkina ya kashe talauci, amma kada buhu ɗaya ya koma. In ka kuskure, rumfarka ta rushe."

Washegari Cindo ya ce wa baƙin, "Albarkacin Hakimi, garin nan babu mai kwana da yunwa."

Baƙin suka ce, "Madalla! Sai mu kai buhunan gaba."

Hakimi, da ya riga ya share sitonsa don ɓoye buhunan, ya zabura. "Ƙarya yake, ja'iri! Duk garin matsiyata ne!"

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, ka fi ni sani. Shi ya sa na tara su ƙofar fada, kowa da ƙwaryarsa."