Rumfar da Ba Ta Kwana da Kaya

An yi wani Sarkin Kasuwa da ya so ƙwace rumfar Tabawa mai daddawa, ya ƙara wa surukinsa mai tukwane.

Ya ce, "Sana'a mai ci, rumfarta kullum a cike take. Taki kafin la'asar wayam. Ko ki sayar kuma kayan su kwana, ko ki tashi."

Tabawa ta dube shi ta ce, "Ranka ya daɗe, ina ne kullum a cike, ba mai ɗauka?"

"Juji mana."

"Ashe juji ne babban attajirin garin nan. Shi ma da bazara manoma na kwasar takinsa. Tukwanen surukinka kuwa, tun bara gizo-gizo kaɗai ya taya."

Sarkin Kasuwa ya gyara rawani ya wuce.