Dangar Gwaggo Ladingo

Ku ajiye gardamar ƙwallon nan haka, ku matso in ba ku wadda za ta hana ku cin tuwo. Kai mai hamma, rufe bakinka kada ƙuda ya faɗa.

A wani gari an yi wata tsohuwa, Gwaggo Ladingo. Mijinta ya rasu ya bar mata abu biyu: lambu a bakin hanya, da baƙin keke mai ƙararrawa. Lambun nan shi ne cinta, shi ne shanta. Tumatir, tattasai, kuɓewa, komai yana yi. Sai dai dangar ta kara ce, ta tsufa, duk giɓi kamar bakin mai ita.

Ita kuwa Allah ya zuba mata kunya. Duk wanda ya zo wucewa sai ya leƙa ya ce, "Sannu da aiki, Gwaggo! Kai, tumatir ya yi kyau bana!" To, a wurinta wanda ya yaba ba ya tafiya hannu rabbana. Sai ta tsinka ta miƙa. Gaisuwa ɗaya, miya ɗaya. Har waɗanda ba nan ce hanyarsu ba suka mayar da ita hanyarsu. Shekara uku ba ta kai ko kwando ɗaya kasuwa ba. Gari na shan jar miya, mai lambu tana kaɗa kuka. Wallahi ni da na ji, sai da raina ya ɓaci.

Ran nan ta kira 'ya'yan ƙanenta uku, Tunau da Cindo da Jatau, ta ce, "Ni dai bakina bai iya a'a ba. Ga damina ta kama, kara ya ƙare a murhu, balle a yi sabuwar danga. Wanda ya rufe mini wannan har ido ya daina shiga, keken marigayi nasa ne."

Tunau ya nemo irin duma da na soso, ya bi gindin danga ya shuka, ya zuba taki. Suna tsirowa sai ruwa ya ɗauke, kwana ashirin ko ɗigo. Ya dinga jido daga rafi safe da yamma har kafaɗarsa ta saɓule, yana yi yana jifan awakin unguwa, masu awaki suna zaginsa. Yabanya ta rayu, ta hau, ta lulluɓe danga kore shar.

Duma ya yi 'ya'ya manya-manya, ya yi wa ruɓaɓɓen kara nauyi. Ranar wata Laraba hadari ya taso da iska, danga ta karkata za ta kwanta a kan tumatir. Cindo ya ruga ya tare ta da bayansa. Tun azahar har la'asar yana tsaye, ruwa na dukansa, duma na ƙwala masa a ƙeya, yana ihu a kawo gwafa. Da aka kawo, ya kafa goma sha biyu da hannunsa. Sati guda bai iya sunkuyawa ba.

Jatau kuwa ya ce, "Ba ku san mutanen garin nan ba. Ganye ba ya hana su." Tun farkon damina ya shiga daji ya nemo karara, mai ƙaiƙayin nan, ya yi kwana uku yana susa har matarsa ta kore shi zaure, ya shuka ta ɓangaren hanya. Ai kuwa gaskiyarsa. Mutane suka koma buɗa ganye da hannu suna cusa kai: "Gwaggo, kina ciki?" Kyauta ta dawo sabuwa. Sai da karara ta nuna. Shekarau mai aski ne ya fara cusa kai, bai ƙarasa sallama ba ya yar da hula, ya tuɓe riga a tsakiyar hanya, ya bi bangon mutane yana goga wuya kamar bunsuru. Daga ranar sai dai a tsaya can nesa a ɗaga murya: "Gwaggo, daga nan ma mun gaisa!"

Shekarar nan kwando goma sha ɗaya ta kai kasuwa. Ranar da ta ɗora jar miya daga lambunta, tana ci tana share hawaye.

Da ta turo keken tsakar gida, hannu uku suka kama shi lokaci guda. Tunau ya ce ba don shi ba da babu ganye. Cindo ya ce ba don shi ba da ganyen yana ƙasa, tumatir na ƙarƙashinsa. Jatau ya ce ba don shi ba da ganyen labule ne kawai, kowa ya ɗaga. Gwaggo ta dube su, ta shige lambu ta ja ƙyaure, ta ce su je su tambayi dattawa. Ga shi babu mai ƙarfin halin leƙawa ya ji ra'ayinta.

To, yau ku ne dattawan. Keke ɗaya ne, sirdinsa ɗaya. Tsakanin Tunau da Cindo da Jatau, wa zai hau?