Yadda Waziri Mantau Ya Ramar da Karen Sarki

A zamanin da, a wata ƙasa da ba a riƙe sunanta ba, an yi wani Sarki ana ce masa Nadabo. Garinsa cike yake da malamai da fatake, rumbunansa maƙare da hatsi, amma abin da ya hana shi sakat a shekarar da muke magana a kanta ba yaƙi ba ne, ba kuma fari ba. Karensa ne ya yi ƙiba har tashi ya gagare shi.

Sunan karen Guguwa. Tun Nadabo yana ɗan sarki yake farauta da shi, kuma karen ne ya taɓa shiga tsakaninsa da wata ɓauna da ta so ta halaka shi a daji. Da ya hau gadon sarauta, sai ya sa aka shimfiɗa wa karen tabarma a bakin zauren fada, daidai inda mutane ke tuɓe takalma. Bai tsaya nan ba, ya ƙudurta a ransa cewa dabbar da ta gane nufin ɓauna ba za ta kasa gane nufin mutum ba. Wanda Guguwa ya kaɗa wa wutsiya, mai gaskiya ne. Wanda ya yi wa gurnani kuwa, lalle akwai abin da yake ƙullawa.

To, fadawa ba a yi musu bayani sau biyu. Kafin a ce haka maɗinka sun ga ciniki, kowa yana son a faɗaɗa masa aljihun riga. Mutum zai sunkuya a bakin zaure kamar mai fama da takalmi, ya zaro tsire ko balangu ya miƙa ta ƙarƙashin hannun riga, kare ya haɗiye yana kwance, ya kaɗa wutsiya, Sarki ya hango daga ciki ya ce wane amintacce ne. Galadima Tanimu ya fi kowa iya wannan ibada, don shi soyayyen kitsen rago yake kawowa. Shi ma Waziri Mantau, duk da iliminsa da furfurarsa, ba ya fita gida sai da 'yar tsoka a aljihu.

Mutum ɗaya ne ya ƙi, wato Alkali Ja'e, yayan Waziri, wanda ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, ya kuma koya masa karatu. Da ƙanen ya ba shi shawara a ɓoye, sai ya ce, "Mantau, hannun da nake alwala da shi ba zai ciyar da kare ba don a ce ni mai gaskiya ne." Guguwa kuwa ya saba duk wanda ya sunkuya akwai abin da zai faɗo, don haka kullum Alkali ya wuce hannu banza sai ya bi shi da gurnani. Galadima ya yi ta raɗa a kunnen Sarki, har wata rana aka warware rawanin Alkali a gaban jama'a, aka kai shi gidan yari. Waziri yana zaune a gefen Sarki bai ce uffan ba, kuma tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi.

Ana nan, ƙibar Guguwa ta kai inda ta kai. Wuyansa ya ɓace, cikinsa yana jan ƙasa, numfashinsa kamar zugazugin maƙeri. Sarki ya tara majalisa ya ce, "Farautar rani tana tafe, abokina kuwa ko bakin rijiya ba ya iya zuwa. Wanda duk ya mayar mini da shi yadda yake a da, ya roƙi abin da yake so. Wanda ya karɓa ya kasa, ya san sauran."

Sai Galadima ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, babban aiki sai babban mutum. Wa ya kai Waziri sanin magani da hikima?"

Waziri ya gane ramin da aka haƙa masa. In kare ya mutu a hannunsa, ya bi yayansa. In kuma ya rage masa abinci har ya rame, kare zai tsane shi, ranar da suka dawo ya yi masa gurnani a gaban Sarki, ya dai bi yayansa. Amma ya tuna tsohon da ke kwance a ɗakin da ba taga, ya ga ba shi da wata ƙofar fito da shi sai wannan. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, na karɓa. Roƙona kuwa na ajiye shi sai ranar da na cika aiki."

Aka ɗora Guguwa a kan amalanke aka kai shi gidan Waziri, yara suna bi suna dariya. Waziri ya aika aka kira Sarkin Dawa, shugaban mafarauta, suka zauna suka yi shawara. Sarkin Dawa ya ce kada a yanke masa abinci gaba ɗaya, zai galabaita, a dai janye kitse, a rage sauran sannu a hankali. Waziri ya samo ƙaramin ƙoƙo ya mai da shi ma'auni. Da safe ɗan tuwon dawa da tsoka maras kitse, da yamma dafaffiyar kabewa don ta cika ciki ba ta ƙara jiki ba. Barorinsa suka ƙi taɓa kwanon kare, kowa ya ce shi ba a haife shi don wannan ba, sai ya zama Waziri da kansa ke durƙusawa ya zuba.

Wata ya kama ya mutu, kare bai ragu da komai ba. Abin ya ɗaure wa Waziri kai, sai da wata safiya ya zagaya bayan gida ya tarar da ƙasusuwan rago zube a gindin katanga. Ashe masu son Guguwa ba su manta da shi ba, ta saman katanga suke aiko masa da gaisuwa. Waziri bai yi faɗa da kowa ba. Ya nemi izinin Sarki, ya kwashe kare ya koma gonarsa da ke bakin rafi, nesa da gari.

A can ne aikin ya fara na gaske, kuma ba aiki ne mai daɗi ba. Guguwa ya yi ta kukan yunwa, yana kallon Waziri da idon wanda aka zalunta, in ya matso ya yi masa gurnani. Waziri ya daure. Kullum kafin rana ta yi zafi sai ya ɗaura masa igiya ya ja shi, da fari daga bukka zuwa gindin tsamiya kawai, kare ya zube yana haki, shi kuma ya tsaya a kansa yana yi masa fifita da malafa. Da ya lura gwiwoyin karen ba sa ɗaukar nauyinsa, sai ya riƙa shigar da shi rafi, ya tattare wando ya tallafe masa ciki yana iyo. Ya cire masa kaska daga cikin ninkin fata, ya shafa masa man kaɗanya a tafin ƙafa inda ya tsage. Ranar Juma'a in ya je masallacin ƙauyen, sai ya ga an bar tazara a sahu ta damansa da hagunsa. A kasuwa kuwa an sa masa suna Wazirin Karnuka, har mawaƙa sun sa shi a baki.

Sannu a hankali tafiyar ta wuce tsamiya, ta kai ƙarshen gona, ta tsallaka rafi. Haƙarƙari ya fara fitowa, wuya ya dawo. Wata rana zomo ya tashi daga cikin karan dawa, Guguwa ya fizge igiya ya bi shi. Bai kama shi ba, amma ya dawo yana tsalle, ya kwantar da kai a kan ƙafar Waziri. Waziri ya ji daɗi har idonsa ya kawo ruwa, sa'an nan ya ji kunyar kansa, don ya gane ya fara ƙaunar dabbar da ta jefa yayansa a kurkuku. Amma da ya zauna ya yi tunani, sai ya kasa gano laifin karen. An ba shi ne ya ci.

Da farauta ta matso, Waziri ya aika wa fada cewa ran Alhamis da safe Guguwa zai koma tabarmarsa ta bakin zaure. A asirce kuma ya roƙi Sarki alfarma, ya fito zaman fada da wuri, kafin kowa ya iso. Fadawa da suka ji labari, kowa ya ce kare ya sha yunwa, yau wanda ya fi cika aljihu shi zai fi samun wutsiya. Suka iso bakin zaure suka tarar da tabarma ba kowa a kanta, ga Sarki zaune yana kallonsu, ga dogarai tsaye dama da hagu. Ba halin komawa, ba wurin zubarwa. Haka suka shiga da kayansu suka zazzauna, kowa yana danne aljihu da gwiwar hannu.

Waziri ya shigo shi kaɗai ya yi gaisuwa. Galadima ya yi murmushi ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara, ina da tambaya ga Waziri. Mutumin da ya hana abokin Sarki abinci har ya yi ta kuka, masoyin Sarki ne ko maƙiyinsa?"

Waziri ya ce, "Ni ba zan yabi kaina ba, Galadima. A fadar nan ba kare ne ke raba gardama ba? A kira shi."

Sarkin Dawa ya saki igiya daga tsakar gida. Guguwa, wanda aka jinkirta wa abincin safe, ya shigo a guje, siriri, ƙafafunsa da kyar suke taɓa ƙasa. Sarki ya miƙe tsaye don murna, ya buɗe hannu yana kiran sunansa. Kare ya wuce shi ko waige bai yi ba. Ya dira a kan Galadima, ya tura kai cikin aljihu, ya yage shi har ƙasa, kitsen rago ya watse a kan shimfiɗa. Da can yana kwance ake miƙa masa a ɓoye, yanzu kuwa yana da ƙafar zuwa ya ɗauka da kansa. Daga Galadima ya faɗa kan na kusa da shi, daga nan na gaba, manyan mutane suna ture juna, rawuna suna faɗuwa, fada ta ɗauki ƙanshi kamar tukubar mai tsire. Da ya gama zagayensa, sai ya je wurin Waziri, wanda aljihunsa ba komai, ya kwanta a ƙafarsa.

Sarki ya koma ya zauna, ya daɗe yana kallon naman da ke zube. Can ya ce, "Tun yaushe ake yin wannan?"

Waziri ya ce, "Tun ranar da aka shimfiɗa tabarmar, ranka ya daɗe. Mutum ɗaya ne bai taɓa yi ba, kuma shi ne roƙona. A sakar mini yayana."

Nan take Sarki ya yanke hukunci. Aka tuɓe Galadima aka kore shi daga gari, sauran aka ɗora musu ciyar da fursunoni har kaka. Aka naɗe tabarmar bakin zaure, aka mayar da Guguwa hannun Sarkin Dawa da ƙoƙonsa, aka yi shela cewa daga yau shaida ake nema a kan mutum. Sarki ya ba da sabon rawani a kai wa Alkali. Bai dai ce ya yi kuskure ba, kuma ba wanda ya tuna masa.

Waziri ya karɓi rawanin da kansa ya nufi gidan yari, yana sauri kamar yaro. Aka buɗe ƙofa, Alkali Ja'e ya fito yana dafa bango, yana kare ido daga rana. Ya rame ƙwarai, rigar da aka kama shi da ita tana lilo a jikinsa. Waziri ya durƙusa ya ce, "Yaya, an wanke ka. Sarki ya mayar maka da kujerarka."

Alkali ya ce, "Alhamdu lillahi. Na ji labari a ciki, Mantau. An ce da hannunka kake zuba masa abinci, har wanka kake yi masa a rafi. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Yaya. Ba wata hanya."

Ya tashi ya miƙa hannu biyu don ya tallafe shi, ga matakala a gabansu. Tsohon ya dubi hannuwan, ya janye nasa cikin riga. Ya ce wa dogarin da ke gefe, "Ɗana, karɓi rawanin nan daga hannunsa, a wanke shi kafin a kawo mini. Zo ka riƙe ni mu sauka."

Dogari ya riƙe shi suka sauka a hankali, jama'a suna ta yi wa Alkali barka. Waziri ya biyo su a baya, ya bar tazara a tsakani, hannuwansa a bayansa.