Kwalin da Aka Jefar a Kango

An yi wani mutum mai kiwon kaji. Wata Talata da aka wuni ana yayyafi, kyanwarsa ta haihu 'ya'ya biyar a bayan buhunan dusa. Ya tattara su a kwali.

Matarsa ta ce, "Baban Auta, ka kai uwar wurin likitan dabbobi a tsayar mata da haihuwa mana. Wannan karo na huɗu ke nan."

Ya ce, "Ni da haƙorina ke ciwo ban ga likita ba, sai mage?"

Ya jefa kwalin a kangon bayan gida, ya kaɗe hannu.

Ya 'yan uwa, wanda ya halicce su ya manta da su ne? Ba su mutu ba. Suka girma, suka hayayyafa, kangon ya cika. Yunwa kuwa ba ta san katanga ba. Kullum sai an wayi gari 'yan tsaki sun ragu.

Maimakon ya gane hannunsa ne ya shuka, sai ya sayo maganin ɓera. Ya kwaɓa da kifi, ya ajiye a tasa a ƙofar ɗakin kaji, ya fita.

Auta, 'yarsa mai shekara biyu, ita ta riga kyanwoyin kangon zuwa. Mahaifiyarta ta tarar da ita da tasar a cinya, baki duk kifi. Maƙwabcinsu direba, wanda ya sha yi wa mai kajin faɗa kan kangon, bai tsaya gori ba. Ya ɗauke su sai asibiti.

Kwana uku mutumin nan yana zaune a bakin gado, ya kasa haɗa ido da matarsa. A na huɗu Auta ta buɗe ido ta ce, "Baba, ina kyanwata?" Ya fashe da kuka yana hamdala. Kyanwar kuwa ita ta cinye ragowar kifin, ta mutu.

Dabbar da ka ajiye amana ce. Ka ciyar da ita, in ba ka iya riƙe 'ya'yanta ka tsayar da haihuwar. Jefarwa zalunci ne, kuma ya san hanyar gida.

Ya rasa kyanwarsa. Ya rasa tsaki ɗari da tamanin, sauran kuma ɓeraye suka ƙarasa su, ya rufe kiwon. Auta tana nan, tana gudu a tsakar gida. Alhamdulillahi.

Allah ya kiyaye mu da abin da hannunmu ke jefarwa. Amin.