Rumman ɗin Alhaji Labbo da Ɓerayen Masar Biyu

Akwai wani mai motocin haya a Tudun Wada ta Gusau, ana ce masa Alhaji Labbo. Zamanin nan ne da aka koma tuƙi ta hannun dama, naira kuma ta shigo sabuwa fil. Yana da manyan motoci uku masu jigilar gyaɗa da auduga, ga shi ya je Makka ya dawo da haƙorin zinare. Tun daga nan magana ta ƙare. In Alhaji ya ce rana daga yamma take fitowa, 'yan tasha sai su ce, "Mu ma mun gani."

Abu ɗaya ne kuɗi suka kasa yi masa. 'Yarsa Hauwa, mai shekara tara, shan inna ya cinye mata ƙafafu, uwarta kuma ta rasu. Yarinya ta koma kamar gunki, ba magana, ba dariya. Alhaji yana son ta kamar ransa, amma ko ya kawo mata 'yar tsana daga Kano sai dai ta kalla ta kau da kai.

Sai yayarsa Lantana ta rufe ɗakinta a Nahuce, ta zo ta riƙe yarinyar. Wannan Lantana ita ce ta goya Labbo tun ba shi da ko wando. Ta zo da ɓerayen Masar biyu a kwando, ɗaya fari, ɗaya ja. Hauwa ta raɗa musu suna Auduga da Goro.

To, ku ji ikon Allah. Ranar da Goro ya hau cinyarta yana gurgurar ciyawa, yana 'yar ƙararsa, Hauwa ta ƙyalƙyale da dariya. Alhaji yana zaure ya ji, har ya zubar da shayi. Daga ranar ta fara cin abinci, ta fara ce masa "Baba, sannu da zuwa."

Da mai hankali ne sai ya gode wa Allah ya kama bakinsa. Amma ina! Abin ya riƙa cin sa a rai: duk dukiyarsa, wai ƙauye ne ya kawo dariya gidansa.

Akwai itacen rumman a tsakar gidan, wanda ya sa aka kawo masa dashe, a shekarar ne ya fara 'ya'ya sosai. Wata rana ya shigo ya tarar Lantana tana zuba wa dabbobin ɗanyar ciyawa da harawa.

Ya ce, "Yaya, mi nika gani haka? Ciyawa a gidana? Jakai ne?"

Ta ce, "Abincinsu ke nan, Labbo."

"A Nahuce ke nan. Nan gidan Alhaji ne. Abin wasan ɗiyata rumman zai ci."

Ta ce, "Kai dai bari. In ƙwaya biyu ce ko uku, sau ɗaya a mako, don marmari, ba laifi. Amma cikinsu ɗan mitsitsi ne, bai ɗaukar zaƙi. Ciyawa ita ka riƙe su."

Alhaji ya yi dariya har haƙorin zinaren ya haska. "Rumman fa! Ɗan itacen da aka ce akwai shi a Aljanna! Shi ne za ya cuci ɓera? Ke da ko jirgin ƙasa ba ki taɓa shiga ba?"

Ta ce, "Zuma ma waraka ce. Cika wa kaza ciki da ita ka gani."

Wannan magana ita ta ƙona shi, don a gaban matan maƙwabta ta faɗe ta, har wata ta rufe baki da gyale. Nan take ya kwashe ciyawar ya watsa bayan katanga. Ya fasa rumman biyu ya cika tasa, ya tura musu. Dabbobi ba su san kan su ba, suka hau ci, bakinsu ya yi ja. Ya ce, "Kin gani? Su ma sun san daɗi."

Kwana huɗu ba abin da suka ci sai rumman. Duk lokacin da Lantana ta ɓoyo ciyawa a zane, sai ya gano ya zubar. A rana ta biyar gudawa ta kama su. Suka lafe a lungun keji, gashi a tashe, ido a lumshe, ko ruwa ba su sha.

Hauwa ta ce, "Baba, a ba su ciyawar Gwaggo."

Ya ce, "Yi shiru, ɗiyata, ni na san magani."

Kowa dai ya sani, in gudawa ta kama mutum a wajenmu, ɓawon rumman ake dafawa a sha. Sai gogan naku ya ce abin da ya yi wa mutum zai yi wa ɓera. Ya sa aka dafa ɓawon har ya yi baƙi, ya damƙo Goro ya kwantar da shi rigingine, ya ɗura masa da cokali. Lantana tana cewa, "Labbo, za ya shaƙe! Labbo, don Allah!" Ruwan ya fito ta hanci. Ɗan dabbar ya yi shure-shure biyu, ya saki jiki a hannunsa, a gaban yarinyar.

Washegari da hantsi Auduga ta bi shi.

Jama'a, nan ne za ku san mugun mutum. Maimakon ya sunkuyar da kai, sai ya juya kan yayarsa.

"Ke kika ba su wani abu! Don dai maganarki ta tabbata, ki kunyata ni!"

Ta ce, "Ni, Labbo? Ni?"

"Ke fa! Hassada ce ta kawo ki gidan nan, tun da can na sani. Tsohuwar banza mai baƙin ciki!"

Ya shiga ɗaki ya ɗauko ƙunshin kayanta ya wurga waje, a kwata. Ya aika tasha cewa duk direbansa da ya ɗauke ta, a bakin aikinsa. Tsohuwa ta tsince zannuwanta cikin ruwan kwata, ta aza a ka ta kama hanya. Hauwa ta jawo jiki da hannuwa tun daga tsakar gida har zaure, gwiwoyi suna gogar ƙasa, tana kiran "Gwaggo! Gwaggo!" Uban ya sungume ta ya mayar ciki.

Bai tsaya nan ba. Yana son duniya ta shaida. Ya naɗe gawar Auduga a tsumma, ya kwashi abokansa uku na tasha, suka tafi wajen Malam Bashiru, malamin dabbobi.

Ya ce, "Malam, duba ka faɗa wa mutanen nan irin gubar da aka ba ta."

Malam Bashiru ya duba, ya tambayi abin da suke ci. Alhaji ya buga ƙirji ya faɗa, har da maganin da ya dafa.

Malamin ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, ba wanda ya ba su guba. Dabbar nan cikinta ba ya zama lafiya sai da ciyawa, safe da yamma. 'Yan ƙwayoyin rumman jefi-jefi ba sa kisa. Amma tasa guda kullum, ba ciyawa, sannan ruwan ɓawo ta hanci? Wane ne ya hana su ciyawar?"

Ɗaya daga cikin abokan ya ce shi fa yana da lodi, ya sulale. Kafin la'asar labari ya gama tasha.

A gida kuwa Hauwa ta koma gidan jiya, har ta fi da. Ba ci, ba magana. In ya shigo sai ta juya fuska bango. Alhaji ya ce ai kuɗi ne maganin abin. Ya buga mota har kasuwar Tsafe, ya sayo ɓerayen Masar goma, ya zube mata a gaba, har da damin ciyawa.

Ya ce, "Ga su nan, ɗiyata. Goma!"

Ta dube su, ta dube shi. Maganarta ta farko ke nan cikin kwana tara: "Baba, in waɗannan sun mutu, wa za ka kora?"

Ranar ce Alhaji Labbo ya san akwai abin da ya fi mari zafi.

Ya ɗauke ta a mota suka nufi Nahuce. Ya tarar da Lantana a ƙofar ɗaki tana sussukar gero, ƙafafunta har lokacin a kumbure saboda tafiyar ƙasa. Babban mutum da babbar riga ya durƙusa a ƙasa.

"Yaya, ki gafarta mini. Ki dawo gida."

Ta ce, "Na yafe maka, Labbo, duniya da lahira. Amma gidan da aka wurgo mini kaya a kwata, ƙafata ba ta sake taka shi."

Ya juya ga 'yarsa. Ita kuwa tuni ta sauko, ta ja jiki ta cusa kai a cinyar gwaggonta. Ya ce, "Hauwa, taso mu tafi." Ta ƙanƙame zanen tsohuwar da hannu biyu. Ya sake kira, ta ƙara ƙanƙamewa.

Haka ya koma Gusau shi kaɗai. Yarinya ta girma a Nahuce, ana jin dariyarta har ta bayan darni. Amma duk ranar da ta ji ƙugin motarsa a bakin gari, sai dariyar ta ɗauke, ba ta dawowa sai ya tafi.

Darasi: Ba duk abu mai daɗi da daraja ne ya dace da kowane ciki ba, kuma wanda ya san abu ya san shi ko da a ƙauye yake. In ka yi kuskure, amsa laifinka tun da wuri, kada ka ɗora wa wanda ya yi maka gargaɗi, don wani abin in ya fashe kuɗi ba sa ɗinke shi. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu kiwo a gida, da wancan mutumin da kuka sani wanda ba a isa a faɗa masa ba.