Ginshiƙin da Ƙuri'a Ta Kayar

Akwai wani mai shagon kayan zaƙi a Iskandariya, sunansa Bahgat. Basbusarsa ta yi sunan da layin masu saye ke kaiwa bakin titi. Shagon yana ƙasan wani bene mai hawa biyar, masu gida goma har da shi. Mahaifiyarsa tana hawa na uku.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: wani ƙaton ginshiƙi a tsakiyar shagon. Shekara shida yana son a fasa shi ya jera tebura, shekara shida Hajiya Nazik ta hawa na biyar tana cewa a'a. Marigayi mijinta magini ne, da shi aka zuba ginshiƙin. A lokacin kuwa, in mutum ɗaya ya ƙi, magana ta mutu.

Sai aka gyara dokar gidajen haɗaka. Kowane bene ya kafa ƙungiyar masu gida, a zaɓi shugaba, abin da masu rinjaye suka yarda da shi ya zauna. Dokar ta kuma ce ba a taɓa jikin gini sai injiniya ya duba. Amma Bahgat karatu irin nawa yake yi: ya karanta layin da ya yi masa daɗi, ya rufe takarda.

Sati biyu farantan basbusa na hawa bene, kyauta ga masu gida. Ranar taro ya zama shugaba, nan take ya kawo maganar ginshiƙi.

"Ɗana," in ji Hajiya Nazik, "wannan ginshiƙin ne ke ɗauke da gadon uwarka."

"Hajiya, da can a'a ɗinki sarauniya ce. Yanzu ƙuri'a ɗaya ce, kamar ta kowa. Ci basbusa."

Ustaz Mikhail, tsohon malamin hawa na huɗu da kunnensa ya yi nauyi, ya ɗaga hannu yana tambaya, "Maganar fenti ce ko?" Aka kwashe da dariya, aka ƙirga da shi. Tara da ɗaya.

Kwana uku aka yi ana dukan ginshiƙin. Tebura suka shiga.

Bayan wata guda tsaga ta fito a bangon matakala, siririya kamar gashi. Hajiya Nazik ta yi abin da ta ga mijinta yana yi: ta kwaɓa jibs, farin garin nan na magina, ta manna a kan tsagar kamar tafin hannu, ta rubuta kwanan wata. In facin ya zauna lafiya, bango ya tsaya. In ya tsage, gini yana tafiya.

Kwana tara, ya tsage.

Bahgat ya kankare shi ya shafe wurin da fenti, don jami'in unguwa na nan tafe duba sababbin ƙungiyoyi.

"Wa ya ba ki izinin ɓata bangon jama'a? A kawo wa ƙungiya a yi ƙuri'a!"

Ta manna wani. Kwana huɗu. Ya kankare. Ta manna na uku. Kwana biyu.

Daga nan Bahgat ya fara ganin abin da ba ya faɗa wa kowa. Ruwan sukari a faranti ya koma taruwa gefe ɗaya. Da rana tsaka, yana cikin awo, sai yashi ya zubo masa a wuya. In shago ya yi tsit, yakan ji wani sauti a bango, kamar mai taunar ƙanƙara. Sai ya ƙara muryar rediyo.

Wata Talata da hantsi, Hajiya Nazik ta manna faci, ta zauna a matakala tana huta gwiwa. Bai ko gama bushewa ba ya rabe biyu a gabanta.

Ba ta nemi shugaba ba. Ƙofa-ƙofa ta bi tana duka da tafin hannu.

"Ku fita! Ku bar tukunya, ku bar takalmi, ku fita!"

Ƙofar mahaifiyar Bahgat ta ƙi buɗuwa, bango ya danne ta. Hajiya ta leƙa ta ƙwala kira:

"Bahgat! Zo ka ɗauki uwarka!"

Ya hau da gudu, ya fasa ƙofar da kafaɗa, ya goya tsohuwa.

"Hajiya, mu sauka!"

"Je ka. Kurman nan bai ji ni ba."

Yana sauka yana jin dukan ƙofar a sama. Bam, bam, bam. Ya dire mahaifiyarsa a tsallaken titi. Can sai ga Ustaz Mikhail ya fito ba takalmi, yana haki: "Ta ce in yi gaba, gwiwarta... tana bayana."

Bahgat ya juya zai koma. Taku biyu ya yi, ya tsaya. Har yau bai san ko ƙarar ce ta tsayar da shi ko tsoro ba. Benen ya durƙusa ta gefen shagon, sannan ya zauna gaba ɗaya.

Kowa ya fita, ban da ita.

Bahgat ya yi shekarunsa a kurkuku, ya fito. Yanzu yana wani ɗaki na ƙasa a bayan gari. Da hannunsa ya cire ƙofar ɗakin ya rataya labule, don kada kowa ya ƙwanƙwasa masa. Duk da haka maƙwabta kan gan shi da rana tsaka ya fito a firgice, yana duban titi, yana tambaya wa ke bugawa.

Darasi: Doka tana iya ba ka rinjaye, amma ba ta mayar da kuskure daidai. In mutum ɗaya ya tsaya yana cewa a'a, tambaye shi abin da ya sani kafin ka ƙirga hannuwa. Kun san ni da tsokana, amma yau ba na wasa. Ku tura wa duk wanda aka ba shugabancin gida, ko da na mutum uku ne.