Idon Daudu da Rawanin Dagaci

Akwai wani mutum mai suna Daudu a wani ƙauye kusa da Zoza, zamanin mulkin Turawa. Shi ne babban ɗan dagaci, kuma tun uban na da rai yake taƙama kamar an riga an naɗa shi.

Wata rana matarsa Rekiya ta lura da wani ɗan ƙullutu a gefen baƙin idonsa na hagu, bai fi ƙwayar dawa ba. Ta dame shi da magana har ya bi motar gyaɗa daga Karaye zuwa asibitin ido a Kano.

Likita ya duba, ya ce ta bakin tafinta, "Ciwon daji ne, amma ƙarami ne, bai bar idon ba. In aka cire idon yanzu, akwai kyakkyawan zaton za ka rayu. In ya girma, zai bi jini ya shiga jiki."

Daudu ya miƙe a fusace. "A cire? Yaushe aka taɓa naɗa mai ido ɗaya a garinmu? Sai a ba ƙanena Sulle ina ji ina gani?"

Da ya dawo, Rekiya ta durƙusa tana kuka. "Maigida, don Allah ka koma. Mu kai muke so, ba rawani ba."

"A naɗa ni tukuna," in ji shi.

Abin haushi, damina biyu ya yi yana wannan jira. Ƙullutun ya kai gyaɗa, ya wuce. Ranar da aka naɗa shi bayan rasuwar uban, idon ya turo waje kamar goro, sai da ya ja gefen rawani ya rufe.

Bayan mako guda ya koma Kano. "To, yanzu a cire."

Likita bai ko daɗe a kan idon ba. Ya danna cikin Daudu ta dama, ya yi wa tafinta magana.

Tafinta ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, ya ce ciwon ya riga ya kai hanta. Cire idon ba zai tsayar da shi ba."

Wata huɗu Daudu ya yi yana dagaci, uku a kwance. Bayan sadakar bakwai, Rekiya da hannunta ta ninke rawanin ta aika wa Sulle.

Darasi: Ciwon dajin ido yana da sauƙin magani tun yana ƙarami, in ya girma yakan yaɗu. Kada girman kai ko jiran wani abu ya hana ka ganin likita. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani na ɓoye nasa.